Yadda na koya wa waya gane mintsini

Wasan da na yi niyyar haɗawa ba wani babba ba ne. Ka ɗaga wayarka ka haska tebur, gwangwanaye su bayyana a kansa a jere wani kan wani, ga danko a gabanka, ka ja ka saki, su zube. Shi ke nan. Gwangwanayen a fuskar waya kaɗai ake ganinsu, amma suna zaune daram a kan teburin gaske: in ka zagaya ka gan su ta baya, in ka matso su ƙara girma. Wannan ita ce fasahar da ake kira AR, wadda mutane da yawa suka fara saninta a 2016 lokacin da Pokémon GO ya fito. A wancan wasan da yatsa ake shafa gilashi a jefa ƙwallo. Ni kuwa so na yi mai wasa kada ya taɓa gilashin ko kaɗan. Ya miƙa hannunsa bayan wayar, inda kyamara ke gani, ya kama robar dankon da yatsu biyu a iska, ya ja, ya saki. A takarda na ba kaina mako uku. Wata huɗu na yi.

Matakin farko bai ba ni wahala ba, domin wasu sun riga sun yi mini aikin. Apple ya fitar da ARKit, kayan aikinsa na gina AR a waya, a 2017, Google ya biyo baya da nasa mai suna ARCore, kuma Unity, manhajar haɗa wasanni, yana da AR Foundation wanda ke zama a kan su biyun, ta yadda ba sai ka rubuta wasa sau biyu ba. Abin da ya kamata mutum ya sani shi ne yadda wayar ke gane inda take. Kyamara tana tsintar ƙananan alamomi a hoto, kamar kusurwar littafi, tabo a katako, zanen kyalle, tana bin su daga wannan hoto zuwa na gaba. Sannan ta haɗa abin da ta gani da abin da na'urorin jin motsi na cikin wayar suka faɗa mata game da juyawa da gusawa. Daga nan take ƙididdige cewa ta matsa hagu da kaza, ta sunkuya da kaza. Teburina fari ne fat, babu tabo babu zane, saboda haka ranar farko na yi ta yawo da waya a kansa ba ta ga komai ba, sai da na shimfiɗa tsohuwar jarida. Na yi dariya na wuce, ban san wannan magana za ta dawo mini ta wata ƙofa ba.

Kafin in shiga batun hannu na haɗa sigar taɓa gilashi, don kawai in tabbatar gwangwanayen na zubewa yadda ya dace. Inda yatsa ya taɓa, manhaja ta harba wani miƙaƙƙen layi marar ganuwa daga kyamara zuwa cikin ɗakin, ta duba abin da ya fara karo da shi. Idan roba ce, an kama ta. Kwana biyu na gama, kuma tana aiki sumul. Raina ta na yi. Na ce wannan ai kowa ya iya.

Na koma ga abin da ya kawo ni. Na ɗauki MediaPipe, wani kayan aiki na gane abubuwa a hoto, wanda Google ya saki sashensa na bin hannu a 2019. Aikinsa hawa biyu ne. Na farko ya lalubo tafin hannu a cikin hoto, na biyu ya yanko wurin ya dasa ɗigo 21 a kan gaɓoɓin hannun. Kowane ɗigo da lambarsa: 0 wuyan hannu, 4 kan babban yatsa, 8 kan manuni, 9 gindin yatsan tsakiya, har zuwa 20 kan ƙaramin yatsa. Dabarar da ta burge ni ita ce ba ya sake neman tafin a kowane hoto. In ya kama hannu, sai ya yi amfani da inda ya gan shi ɗazu ya yi hasashen inda zai same shi yanzu, sai in ya ɓace masa ne yake komawa nema daga farko. Wannan ne ya sa waya ke iya ɗaukar nauyinsa.

Matsalar ita ce kyamara ɗaya ce, kuma sashen AR ya riga ya riƙe ta. Dole in roƙi kofin kowane hoto daga wurinsa, in juya launukan daga tsarin YUV da kyamara ke bayarwa zuwa tsarin RGB da MediaPipe ke karɓa, in rage girmansa, sannan in miƙa masa. Da na gama haɗa wannan na kunna, sai ga ɗigo 21 sun fito tsaf, siffar hannu sak, amma a kwance, can gefe guda, suna motsi sama idan na yi dama. Kwana biyu ina zargin lissafina. Ashe idon kyamarar waya a kwance yake ɗaukar hoto ko da ka riƙe wayar a tsaye, kuma abin da ake nunawa a fuskar waya an datse gefensa don ya cika allon. Akwai wani jadawalin juyi da AR Foundation ke bayarwa saboda wannan, ni ne ban karanta ba. Ranar da ɗigon suka hau kan yatsuna daidai, na fi rabin awa ina buɗe hannu ina rufewa kamar jariri.

Daga nan sai mintsini. A tunanina abu ne mai sauƙi: auna tazarar ɗigo na 4 da na 8, in ta yi ƙasa da wani adadi, an kama roba. Na auna da fiksel, wato ƙananan ƙwayoyin da ke haɗa hoto, na sa iyaka. Ya yi aiki muddin hannuna na nan inda na gwada. Da na miƙa hannu nesa, yatsuna a buɗe amma wasan ya ce na matse, saboda komai ya ƙanƙance a hoto. Da na kawo shi kusa, na matse har farce na taɓa farce, ya ce a buɗe suke. Maganin shi ne a daina auna tazarar ita kaɗai, a raba ta da wani tsawo na hannun da ba ya canzawa in yatsu sun motsa. Na zaɓi tsakanin ɗigo na 0 da na 9, wato tsawon tafi. Yanzu ko hannu na nesa ko kusa, babba ne ko ƙarami, adadin da ke fitowa kusan ɗaya ne.

Ana wata ga wata. Na sa iyakar a 0.3, sai robar ta riƙa kamuwa tana kuɓucewa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya duk lokacin da yatsuna suka tsaya kusa da iyakar. Ɗigon ba sa tsayawa cak. Ko ka daskare kamar gunki, suna ɗan rawa, adadin ya yi 0.29, ya yi 0.31, ya dawo. Kowace tsallakawa kuwa harbi ce. Wani abokin aikina da ya karanci lantarki ya leƙo ya ce, "Malam, ƙofa ɗaya ka yi wa shiga da fita, shi ya sa ake turereniya." Ya nuna mini yadda na'urar daidaita sanyin firji take: ba a zafi ɗaya take kunnawa da kashewa ba, akwai tazara a tsakani. Na yi iyaka biyu. Sai adadin ya sauka ƙasa da 0.25 za a ce an kama, kuma ba za a ce an saki ba sai ya haura 0.4. Na ƙara da cewa sai an ga haka a hotuna uku a jere. Kyamarar tana ba da hoto 30 a daƙiƙa, kowanne milisakan 33 ke nan, uku sun kama milisakan 100. Wannan jinkiri na biya da saninsa, kuma shi ne na farko cikin basussukan da suka taru a kaina.

Rawar ɗigon ta ci gaba da damuna ta wajen saiti. Mutum ya ja roba yana auna gwangwani, layin saitin yana karkarwa kamar mai jin sanyi. Abin da ya fara zo mini shi ne in tara wuraren hotuna goma na baya in ɗauki matsakaicinsu. Karkarwa ta tafi, amma robar ta koma bin hannu a baya a baya, kamar ana jan ta cikin laka. An gudu gara an faɗa gidan zago. A nan na gano wata matata, wato dabarar tace irin wannan rawa, da ake kira One Euro, wadda Géry Casiez da Nicolas Roussel da Daniel Vogel suka gabatar a 2012. Tunanin da ke cikinta ya fi lissafinta daɗi. Idan hannu na tafiya a hankali, karkarwa ce ke ɓata wa mutum rai, jinkiri kuwa ba ya ganinsa, saboda haka a tace sosai. Idan hannu na gudu, ba wanda ke lura da karkarwa, jinkiri ne ke fitowa fili, saboda haka a sassauta tacewa. Maɓallan gyara biyu ne kawai. Ka kashe na biyu, ka tsayar da hannu cak, ka yi ta rage na farko har rawar ta lafa. Sannan ka riƙa wurga hannu da sauri kana ƙara na biyu har robar ta daina makara. Yamma ɗaya na daidaita su. Duk cikin aikin nan babu layukan da suka biya ni kamar waɗannan 'yan kaɗan.

Sai wani abu da ban taɓa tunaninsa ba. Saiti ya yi kyau, layi na kan gwangwanin tsakiya, in saki, dutse ya bi ta sama ko gefe. Kullum. Na naɗi fuskar wayar na riƙa kallo hoto bayan hoto, sai na gani da idona: a lokacin da yatsu ke buɗewa, manuni yana ɗagawa, tsakiyar yatsun biyu da nake ɗauka a matsayin wurin riƙo tana gocewa, wuyan hannu ma yana ɗan juyawa. Kafin manhaja ta tabbatar an saki, saitin ya riga ya lalace. Aikin sakin da kansa ne ke ɓata abin da aka auna. Na sa wasan ya riƙa ajiye saitin hotuna goma na baya, in an saki ya koma baya hoto biyar ya ɗauki na lokacin da yatsu ke matse. Wato dutsen yana zuwa inda mutum ya nufa, ba inda hannunsa yake a daidai lokacin ba. Ƙarya ce ƙarama, kuma ba wanda ya taɓa kama ta. Kowa cewa yake ya iya saiti.

Batun zurfi ne ya fara karya mini gwiwa. Danko baya ake jan sa, wajen ƙirji. Kyamara ɗaya kuwa ba ta san nisa ba, hoto shimfiɗaɗɗe take gani. MediaPipe yana ba kowane ɗigo adadin zurfi, amma a kan wuyan hannu yake auna shi, wato yana gaya maka wane yatsa ne ya fi wani kusa, ba nisan hannun daga waya ba. Na koma kimanta nisa da girman tafi a hoto: in ya ƙaru, hannu ya matso. Na gyara shi ya zama gwargwadon girman da tafin yake a lokacin da aka kama robar, don ƙaramin hannu kada a ɗauke shi hannu ne mai nisa. Lissafin ya tsaya. Jikin mutum ne bai ba da wuri ba. Ka riƙe waya a gaban fuskarka yadda za ka ga allon, ka miƙa ɗaya hannun bayanta, ka duba abin da ya rage. Bai fi taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba. Kana fara ja, hannu ya cika hoton, yatsu su fita daga gefe, kyamara ta kasa mai da hankali a kansu, ɗigon su watse. Sau biyu ina buge wayata da hannuna. Na haƙura na mayar da jan ya zama ƙasa, ba baya ba. Bai yi kama da danko na gaske ba, amma yana cikin abin da kyamara ke gani.

Akwai kuma ƙaramar matsalar da ke ɓata sihirin: gwangwanin da ke can kan tebur ana zana shi a kan hannun da ke gabansa, ido ya rikice. ARKit ya kawo hanyar ɓoye abu a bayan mutum a 2019, ga wayoyin Apple masu ƙwaƙwalwar A12 zuwa sama, ARCore kuma ya kawo ma'aunin zurfi a 2020. Ni ta araha na bi. Na ɗora wasu siffofi marasa ganuwa masu kama da yatsu a kan ɗigon, aikinsu kawai su hana a zana abin da ke bayansu. Gefen ba ya fita tsaf, amma ya wadatar.

Da na ga mintsini ya zauna sai kwaɗayi ya kama ni. Tunda waya na ganin yatsu biyar, me zai hana komai ya zama ishara? Dunƙule hannu, a sake jera gwangwanaye. Buɗe tafi, wasa ya dakata. Ɗaga yatsu biyu, a canza dutse. Nuni da manuni, a zaɓi mataki. Kaɗa hannu, a fita. Da mintsini sun zama shida. Na kwana uku ina jin kaina, domin a hannuna duk suna aiki.

A hannuna. Ranar da na ba ƙanwata ta gwada, ta sa hannu bayan waya, wasa ya dakata. Ta janye, ta danna ci gaba, ta sake sa hannu, ya sake dakatawa. Ta ce, "Yaya, wasan naka ba ya so na ne?" Na tsaya ina kallo, sai na gane: duk wanda zai miƙa hannu ya ɗauki abu, a buɗe yake miƙa shi. Ni kaɗai ne na saba shigo da hannu a lanƙwashe, saboda na horar da kaina ba tare da na sani ba. Da ta wuce wannan, ta harba, dutse ya goce, ta dunƙule hannu don haushi, gwangwanayen da ta zubar da ƙyar suka koma suka jeru. Ta ajiye wayar ta ce ta gode.

Wannan cuta tana da suna a wurin masu tsara irin waɗannan abubuwa. Suna kiranta taɓin Midas, daga tatsuniyar Girkawa ta sarkin da duk abin da ya taɓa ke zama zinariya har abin ya zame masa bala'i. Robert Jacob ne ya yi amfani da sunan tun 1990 a kan na'urorin bin ido, inda duk abin da mutum ya kalla ake ɗauka ya zaɓe shi. Gilashin waya ba shi da wannan damuwa, domin akwai bambanci a fili tsakanin yatsa ya taɓa da bai taɓa ba. A iska babu wannan iyaka. Hannu yana gaban kyamara koyaushe, kuma hannun mutum ba ya yin shiru: yana susa, yana magana, yana nuna takaici. Kowace ishara da ka ƙara, ka ƙara wata hanya ce da za a yi maka mummunar fahimta. Na goge biyar a dare ɗaya. Mintsini ya tsira saboda abu ne da mutum ba ya cika yi sai da niyya, kuma yatsa yana jin ɗan'uwansa, don haka mai yi ya san ya yi ko bai kalla ba.

Wannan jin yatsa da yatsa shi ne kaɗai abin da jiki ke samu, domin iska ba ta da tauri. Robar gaske tana gaya wa hannu yadda ta miƙe. Na cike gurbin da ƙara mai hawa sama gwargwadon ja, da ɗan girgizar waya a lokacin kamawa da lokacin saki. Abin dariya, girgizar a hannun da ke riƙe da waya take zuwa, ba a wanda ke ja ba. Na ɗauka mutane za su ji banbaraƙwai. Ba wanda ya ce uffan, kuma da na kashe ta don gwaji sai suka ce wasan ya mutu.

Gwaji na biyu da ɗan yayata na yi, yaro ɗan shekara tara, da abokin aikin nan nawa. A nan tsohuwar jaridar ta dawo. Hannun da ya cika rabin hoto yana rufe alamomin da wayar ke dogara da su don sanin inda take, kuma shi kansa abu ne mai motsi a wurin da take zaton komai a tsaye yake. Gwangwanayen sai su ɗan zame a kan tebur, su dawo. Ga shi kuma hannun da ke riƙe da waya ba ya zama lafiya in ɗan'uwansa na aiki: kana jan na dama, na hagu yana bin sa, duniyar gaba ɗaya tana lilo. Waya ba ta fi giram 200 da wani abu ba, amma ka riƙe ta a sama da hannu ɗaya, ɗayan kuma a miƙe ba madogara, ka ga ko za ka kai minti biyar. Masu sana'ar suna kiran wannan gajiya hannun goggon biri, tun zamanin da aka fara kafa allon taɓawa a tsaye. Abokina ya yi zagaye uku ya sauke kafaɗa ya ce, "Malam, wannan wasa ne ko horo?"

Zafi ma ya sa baki. Kyamara a kunne, ana bin ɗaki, ana bin hannu, ana zana gwangwanaye da lissafin faɗuwarsu, duk a lokaci guda. Bayan ɗan lokaci bayan wayar ya ɗumama, ita kuma ta rage gudun ƙwaƙwalwarta don kare kanta, kamar yadda kowace waya ke yi. Hotuna suka ragu, hotuna ukun nan na tabbatarwa suka ƙara tsawo, duk abin da na daidaita da yamma ya tashi daga aiki. Na gyara kuskurena na farko, na daina ƙirga hotuna na koma ƙirga milisakan. Na rage girman hoton da ake ba mai bin hannu, na sa ya riƙa dubawa jefi-jefi in babu hannu a gani, na kashe shi gaba ɗaya yayin da dutse ke cikin iska. Ya taimaka ƙwarai.

Abin da ya juya aikin bai fito daga lissafi ba. Na bar yaron da wayar na koma gefe ina kallonsa shi, ba allon ba. Sai na ga ba da hannun dama yake saiti ba. Yana kama roba, ya tsayar da hannun, sai ya motsa wayar. Ya durƙusa ya leƙo gwangwanayen ta ƙasa, ya zagaya tebur ya nemi inda suka fi rauni, ya ja da baya, ya matso. Da hannu ya gaji sai ya ce, "Kawu, ba za a iya harbawa da wannan yatsan ba?" yana nuna babban yatsan da ke kan gilashi, wanda tun farko yake zaune a wurin ba aikin fari ba na baƙi.

Na yi wata uku ina koya wa waya karanta yatsu, alhali akwai ishara da take karantawa da kyau tun ranar farko, wadda ba ta buƙatar haske mai yawa a kan fata, ba ta rufe kyamara, ba ta ƙara zafi: motsin wayar kanta. A wasan AR wayar taga ce, kuma mai wasa ya riga ya ba da hannu ɗaya, sau da yawa biyu, ga riƙon tagar. Na tsara wasan kamar mutum na da hannu na uku. A na'urorin da ake sawa a kai, inda hannaye biyu ke sake, mintsini a iska yana da ma'ana sosai. A waya lissafin daban ne, kuma ban yarda ba sai da na gani a jikin yaro.

Na ciro sigar nan ta kwana biyu da na raina, na sake gina ta. Dankon yanzu yana maƙale a ƙasan allo, saiti yana bin tsakiyar kyamara, wato inda ka nufa da waya nan dutse zai je. Babban yatsa ya danna a ko'ina a kashi ɗaya cikin uku na ƙasan allo, ya ja ƙasa don ƙarfi, ya ɗaga don saki. Sauran maɓallan na bi ƙa'idar da Apple da Google suka shimfiɗa ta mafi ƙarancin girman abin taɓawa, 44 a ma'aunin na farko, 48 a na biyu, na kuma ƙara a kai, tunda mutum yana tafiya yake dannawa. Aikin baya bai tafi a banza ba. Matatar One Euro ta koma kan layin saiti, tana shanye rawar hannun da ke riƙe da waya. Dabarar komawa baya ita ma ta samu gurbi, domin ɗaga babban yatsa yana gyaɗa wayar kamar yadda buɗe yatsu ke gocar da hannu.

Mintsinin ban jefar da shi ba. Na ba shi wurin da ya dace da shi: idan na'urorin jin motsi suka nuna wayar ta daina motsi na 'yan daƙiƙu, alamar an jingina ta ko an ɗora ta a kan mariƙi, sai wasan ya tambaya ko ana son jera gwangwanaye da hannu. A nan kyamara a tsaye take, ɗaki ba ya lilo, gwiwar hannu tana kan tebur, kuma ba gaggawa. Mutum ya tsinci gwangwani da yatsu biyu ya ɗora kan wani, ya gina abin da zai rusa. Ƙanwata, wadda ta ce ta gode, ta zauna ta gina hasumiya mai hawa bakwai, ta hana kowa harbinta.

Saura abu ɗaya da nake kai yanzu. In mai wasa ya fuskanci taga da rana, hannu yakan zama baƙar inuwa a hoto, ɗigon yatsu su riƙa tsalle, gwangwani ya suɓuce daga riƙo. Na sa wasan ya duba hasken da kyamara ke ba da rahoto, in hannu ya ɓace sau uku a jere ya rubuta a allo cewa a juya wa taga baya. Yaron ya karanta, ya ɗauki wayar da mariƙinta ya koma ɗaya gefen teburin, ya ce in ƙara masa gwangwani mai fashewa.